Wan mijina zai tare a sabon gida, me zan kai?

Maman Nafisa: Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah ku fitar da ni. Wan mijina ya gama gini bayan shekara 6 yana fama, yana haya a Sabon Gari, ranar Juma'a za su tare. Shi ya riƙe mijina tun rasuwar mahaifinsu, shi ya biya masa lakwal, wato makarantar boko, har lefena da hannunsa a ciki. Ni da faccalata kuwa sai a hankali, tun wata magana da aka yi ranar sunan autana. Jikka 15 (sefa dubu 15) gare ni, na riga na sayi agogon bango na jikka 6. Yanzu uwar mijina ta ce agogo ba kayan tarewa ba ne. Barci ya gagare ni.

Hajiya ta Birni: Wa alaikumus salam. Ƴata, surukarki gaskiya ta faɗa miki. Kyautar tarewa kashi biyu ce. Ta maigida, wato darduma, buta da ƙwaryar goro, mijinki ne zai kai. Taki ta uwargida ce. Ki nemi randar Mirya, garin nan na kusa da Damagaram da ya yi suna wajen ginin tukwane. Kafin ki biya ki ƙwanƙwasa ta da yatsa: idan ta yi ƙara tangaran lafiyarta lau, idan ƙarar ta dushe akwai tsaga ko da ido bai gani ba. Ki cika ta da ruwa ta kwana, ki zubar, ki maimaita sau uku har warin ƙasa ya fita, sannan ki kife ta a kan kasko ki turara. Kada ki manta murfi da moɗa, randa ba murfi rabin kyauta ce. Abin da ya rage ki sayi turaren wuta kwalba ɗaya da sabon kasko, don sabon gini warin siminti da fenti gare shi. Ki sa a ƙona miki kaɗan tun a wurin mai sayarwa, wanda sukari ya yi wa yawa ƙauri yake yi.

Abban Sadik: Hajiya, a gafarce ni, randa fa kowace tsohuwa ita za ta kawo, sai a tara biyar a tsakar gida. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram, balle sabuwar unguwa. Bido, wato jarka, guda 4 masu lita 25 sun fi amfani. In na man girki ne, a wanke da ruwan zafi da omo, a zuba tsakuwa a girgiza, in ba haka ba ruwan ya yi ta warin mai. Maman Nafisa, ba ki gaya mana ba, gidan akwai famfo da kuran, wato lantarki?

Hajiya ta Birni: Bido a gidan wan miji? Sai a ce mai ga-ruwa ta aiko. Amfani daban, mutunci daban.

Malam na Garin Malam: Ƴar uwa, abin da ya fi duka shi ne addu'a. Walimar sabon gida malaman fiƙihu suna ce mata wakira, halal ce, ba dole ba. A karanta Baƙara a cikin gidan, ya tabbata a hadisi cewa Shaiɗan yana gudu daga gidan da ake karanta ta. In za a yi yanka, a yanka da sunan Allah don a ci. Zubar da jini a bakin ƙofa wai don aljanu su bar wurin, wannan a guje shi. Ki ɗauki nauyin sadaka: tiya 3 ta hatsi a yi fura, a haɗa da dabino, maƙwabta na dama da hagu su fara samu kafin almajirai.

Inna Zango: Ni abin da ke ɓata mini rai, tarewa ta koma biki. Ana ajiye yarinya da littafi tana rubuta abin da kowa ya kawo, gobe in ke kika gina a mayar miki daidai. Mata suna cin bashin adashi don kada a raina su. Ki sa jikka 5 a ambulan, ki je da sassafe ki kama shara da jera, ki ce Allah ya sa rai aka yi wa. Ya wadatar.

Maman Nafisa: Na gode. Amma agogon fa ba na banza ba ne, mai kiran salla ne, kuma mai shagon ya ce ba ya karɓar kayan da ya fita. Kuɗi kuma ba zan iya miƙa wa faccalata ba, cewa za ta yi na raina ta.

Hajiya ta Birni: To ki ba mijinki agogon ya haɗa da nasa. Jikka 9 ta ishe ki randa da turare. Ki aika ranar Alhamis da yamma, randa ba ta shiga cikin cunkoson ranar tarewa, a nan ake fasa ta.

Abban Sadik: Har yanzu ba a amsa maganar famfo ba.

Maman Nafisa: Ban taɓa zuwa gidan ba, Abban Sadik. Kuma mijina ya ce shi buhun shinkafa zai kai, agogon ni na saya ni zan miƙa.