Sarkin Marina: uban masu sana'a ne ko mai tara wa fada haraji?

Malamin makaranta: Jama'a, ina nan a kan bakana. Haɗin kan marina ƙarƙashin sarkinsu ne ya kai rinin Kano har Agadas da Tumbuktu. Da kowa gaban kansa yake yi, da sunan bai ɗore ba.

Jikan marini: Allah gafarta Malam, ban yarda ba. A fada ake naɗa sarautar nan, kuma abin da fada ke nema a wurin marina a zamanin da shi ne kuɗin karofi, wato harajin ramin rini. Barth, Baturen Jamus da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kuɗin wuri 700 ake biya wa kowace karofi, kuma na cikin birni kaɗai sun haura 2,000. Ina gatan yake a nan?

Malamin makaranta: To in marini ya ɓata wa mai kaya turkuɗi, gaban wa ake zuwa?

Jikan marini: A wurinmu gaban dattijon marinar. A bakin karofi na tashi a Kura. Ba sarki ne ya koya wa kakana haɗa baba da toka da katsi (guggubin tsohon ruwan rini) ba, ubansa ne. Sai a yi kwanaki ana motsa ruwan, kakana ya ɗebo a tafin hannu ya shinshina, ya girgiza kai ya ce bai nuna ba tukuna. Har ya koma ga Allah hannuwansa shuɗaye ne zuwa gwiwa. Wannan ilimin gado ne ya riƙe shi, ba rawani ba.

Hajiya mai atamfa a Kwari: Ku biyun duk kun tsallake mutane. Ina matan da suka kaɗa zaren a cikin gida? Ina mabuga? Sheƙin ɗan Kura, rinannen rawanin nan da Buzaye ke so, a kan gungumen bugu yake fitowa bayan an zuba shuni. Ga fatake masu kai kayan bakin Sahara. Wa ya naɗa wa mai kaɗi sarauta?

Malamin makaranta: Hajiya, kin yi gaskiya. Amma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin Ingila ya cika Kasuwar Kurmi, kuma har gobe ana rini a Ƙofar Mata. Ba shugabanci, da tuni an cike ramukan an yi shaguna.

Jikan marini: Malam, ka je gobe da safe ka ƙirga ramukan da ke da ruwa a ciki, sannan ka ƙirga busassu. Ina jiran lissafinka.

Hajiya mai atamfa a Kwari: Ka biyo ta shagona in za ka koma, in nuna maka atamfar da ake kawo mana daga ƙasar Sin da kuɗin da ake sayar da ita.