Gida a Legas: da sunana, da sunan kamfani, ko da sunan ƙanena?

Mai_Tirela: Assalamu alaikum. Ina da gidajen haya biyu a Agege, yanzu kuma ana cinikin fili a Ikorodu. Sana'ata tirela ce, hatsari da bashi kuma ba sa sallama. Ba na so ranar da aka maka ni a kotu a taɓa gidajen, ba na kuma so kowa ya san abin da na mallaka. Wasu sun ce in buɗe kamfani, wasu sun ce in sa sunan ƙanena. Wanne ya fi?

Safiyo_Ketu: Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin maganar suna, ka kai takardar awon filin ofishin babban safiyon jiha a duba ko yana cikin ƙasar da gwamnati ta karɓe. In ƙasa ce da gwamnati ta sakar wa ƙauye, a nuna maka lambar gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. In filin dangi ne, shugaban gidan da manyansu duk su sa hannu. Hannun mutum ɗaya rigima ce.

Lauya_Maryam: Kamfani limitid a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba rajistar sunan kasuwanci ba. Ta biyun kai da ita abu ɗaya ne, bashinta bashinka. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya buɗe limitid. Tirelolin su shiga kamfani guda, gidajen su shiga wani, kowanne da asusunsa, kuɗin haya kada ya bi ta aljihunka. Amma ranar da ka tsaya wa kamfanin tirela a banki da sunanka, ka rushe katangar da hannunka. In kuma bashi ya riga ya hau kanka sannan ka kwashe gidajen, kotu tana iya soke wannan miƙawar. Filin Ikorodu a saye shi da sunan kamfanin tun farko. Na Agege sai sabuwar takardar miƙa mallaka da sabuwar amincewar gwamna, dokar ƙasa ta 1978 ta wajabta, kuma za ka sake biya.

Baba_OkoOba: Ɗana, ka ji tsoron Allah ka bar maganar ƙane. An yi a unguwar nan, waɗanda suka ga abin suna raye. Wani dillalin shanu ya sayi gida mai ɗaki goma sha biyu, ya sa sunan ɗan'uwansa don kada a sa masa ido. Rasit, takardar awo, komai da sunan ɗan'uwan. Ɗan'uwan mai amana ne, bai taɓa cin kwabo ba. Sai Allah ya fara ɗaukar shi. 'Ya'yansa suka buɗe akwati suka ga sunan ubansu, suka sa gidan cikin gado. Mai gidan ya kawo dattawan da aka yi cinikin a gabansu, biyu sun rasu, ɗaya ya koma Katsina. Babu rubutu ko layi ɗaya. Kuɗin kuma hannu da hannu aka ba da, babu shaidar banki. Shi ma mai gidan ya rasu, yanzu matarsa da marayunsa haya suke yi, suna wucewa ta ƙofar gidan.

Hajiya_IdiAraba: Innalillahi. Shi ya sa Alkur'ani ya ce a rubuta. Ɓoyon da ya kai har iyalinka ba su san inda takardu suke ba, magada ya cuta.

Lauya_Maryam: Kuɗin hannu mai yawa ma laifi ne yanzu. Dokar 2022 ta hana mutum biyan sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani miliyan 10. Alhaji, kamfani ba ya ɓoye suna. Duk mai kashi 5 cikin ɗari na hannun jari sai an bayyana shi, kuma tun 2023 kowa na iya dubawa a intanet. Abin da zai yiwu: adireshin kamfani ya zama ofishin lauya, wakili ya riƙa karɓar haya, kada a rubuta suna a jikin gini.

Ɗan_Albasa_Mile12: Alhaji mai neman sirri, ga shi zaure duka ya san gida biyu ne da fili. Saura lambar gida mu zo shan shayi.

Mai_Tirela: Allah ya shirye ka. To amincewar gwamnan nawa take ci?

Safiyo_Ketu: Kashi 3 cikin ɗari. A 2015 aka sauko da shi daga 13.

Dillali_Sani: Kashi 3 a takarda. Ka ware kashi 10, in ya yi saura ka gode wa Allah.

Safiyo_Ketu: Ka haɗa da la'adarku da kuɗin lauya ne. Kuma Alausa, wato sakatariyar gwamnatin jiha, da ƙimar da su suka yi wa filin suke lissafi, ba da abin da ka biya ba.

Dillali_Sani: Ku masu biro kuna tsorata mutane. Ciniki nawa aka yi a fadar Sarkin Hausawa da shaidu, har yau lafiya lau?

Baba_OkoOba: Sani, shaidu mutuwa suke yi. Ba ka karanta abin da na rubuta ba?

Dillali_Sani: Na karanta, Baba. Amma C of O, wato takardar mallaka ta gwamnati, ta taɓa hana omo onile, masu cewa filin na kakanninsu ne, zuwa karɓar kuɗi? Ranar fandisho su zo, ranar zuba kankaren bene su zo, ranar rufi su dawo. Wata ƙungiyar ta karɓa, gobe wata ta ce waccan ba ita ce dangin ba.

Lauya_Maryam: Akwai dokar kare kadarori ta jihar Legas ta 2016, ta haramta wannan karɓe-karɓen, akwai kuma kwamitin da ake kai ƙara a ma'aikatar shari'a.

Hajiya_IdiAraba: Kafin takardar ƙara ta kai tebur sun kwashe siminti sun kori leburori. Kuma da sun ji Bahaushe ne mai ginin, farashi ya canza.

Safiyo_Ketu: Shi ya sa katanga da ƙofa su ne aikin farko, a sa kuma maganar waɗannan kuɗaɗen cikin yarjejeniya da dangin tun ranar ciniki.

Ɗan_Albasa_Mile12: A ɓangaren Ikorodu nawa suke karɓa na fandisho yanzu? Wanda ya yi gini bana ya faɗa mana.