Wace taya ta dace da Hilux a hanyoyin dajin Damagaram?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Hilux ce mai taya 265/65R17, aikinta ɗaukar kaya daga Damagaram zuwa ƙauyukan Tanut da Gure, rabi kwalta, rabi rairayi da jar ƙasa. Tayoyin sun cinye. Mai shago ya ce in sa MT mai manyan haƙora, wai ita ce ta daji. Haka ne, ko AT, wadda aka yi don kowace irin hanya, ta fi?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada girman haƙora ya ruɗe ka. MT don taɓo aka yi ta: haƙoranta na da tazara domin su watsar da laka, su cafki ƙasa mai tauri da ke ƙarƙashi. To rairayin Tanut ba shi da wani tauri a ƙarƙashi. Da ka taka wuta sai ta haƙa rami, motar ta zauna kan cikinta. A kwalta kuma ga ƙugi, ga shan mai, ga birki ba ya kamawa sosai in an yi ruwa. HT kuwa ta cikin gari ce, gefenta ba ya jure dutse. AT ce taka.

Amma abin da ke fitar da mota daga rairayi iska ce, ba zane ba. A kwalta bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. A jar ƙasa mai gargada rage zuwa wajen kilo 1.8 ko 2 a ma'aunin iska. In ka shiga rairayi mai laushi sauke zuwa 1.2 ko 1.5, tayar za ta shimfiɗu, ta yi tsawo a ƙasa kamar tafin raƙumi. Kada ka yi ƙasa da kilo 1 da taya marar tub, don bakinta na iya zamewa daga janti, wato ƙarfen da ake ɗora ta a kai, a kan kwana. Da ƙarancin iska kada ka wuce gudun kilomita 40, kuma da ka hau kwalta ka mayar da iskar nan take. Taya marar iska a kan kwalta mai zafi lanƙwasa take yi tana ɗaukar zafi har zaren ciki ya rabu da roba, daga nan sai fashewa. Don haka ka sayi famfon iska mai aiki da batir da ma'aunin iska tare da tayoyin.

Mai Faci:
Gaskiya Baba ya faɗa. Ni abin da zan ƙara shi ne gefen taya, don nan ne daji ke kashe ta. Hudar ƙayar aduwa a kan zane ana toshe ta cikin minti goma. Amma in kututturen gona ko dutse ya yanki gefe, tayar ta gama aiki. Facin gefe ba abin da za a ɗora wa kaya da rayuka ba ne. Nemi mai LT a rubutun girmanta, wato ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, ta fi kauri. Ka kuma duba lambar nauyi: 112 na nufin kilo 1,120 kowace taya, 116 kilo 1,250, 120 kilo 1,400. Mai ɗaukar buhunan hatsi kada ya sa abin da ya gaza lambar da motar ta zo da ita.

Sai shekaru. A gefen taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu na lokacin da aka ƙera ta: 2322 na nufin mako na 23, shekarar 2022. Ranar Damagaram busar da roba take yi, taya in ta haura shekara shida ko tana da zane a bar ta. A yi hattara da tayoyin hannu da ake kawowa daga Turai, da yawansu na lokacin ƙanƙara ne. Robarsu laushi gare ta, zafin watan Afrilu cinye ta yake yi.

Ɗan Birni:
Allah ya saka da alheri. In na sa sabbi biyu a baya, na bar tsofaffi a gaba fa? Kuma wani ya ce in koma janti mai inci 16.

Bakanike:
Alhaji, in da hali sauya huɗun gaba ɗaya, iri ɗaya, girma ɗaya, har da ta ajiya. In ka sa motar a 4H, wato ƙafa huɗu na ja, gaba da baya a ɗaure suke. In tayoyin sun bambanta da tsayi, wata na ja wata na turjewa, giyar tsakiya ce ke shan wahalar. In dole biyu za ka iya, sa su a baya, ka tabbata girmansu ɗaya da na gaba.

Batun janti 16 yana da hujja. 265/70R16 tsayinta kusan ɗaya ne da taka, amma gefenta ya kai milimita 185, taka 172, ta fi shanye gargada kuma ta fi shimfiɗuwa in an rage iska. Sai dai a gwada janti ɗaya a gaba tukuna, a ga bai taɓa birki ba. A riƙa juya tayoyin gaba zuwa baya duk kilomita 10,000, kuma in ka ga gefe ɗaya ya fi cinyewa, kai motar a daidaita ƙafafunta kafin a ɗora sabbin.