Yayata ta fara kulle Mama a ɗaki, ya zan yi?

Ummu_Hanan:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Mahaifiyarmu na fama da ciwon mantuwa, likita ya ce Alzheimer ne, tana hannun yayata tunda ni aure ya kai ni nesa. Da na je dubiya na tarar ta rame sosai, leɓenta a bushe, ga gyambo ya fara fitowa a ƙugunta, ɗakin sai zarnin fitsari. Wai in Yaya za ta fita sai ta sa mata kwaɗo saboda ta taɓa ficewa aka yi ta cigiya. Ina yin magana ta fashe da kuka ta ce in na iya in zo in ɗauke ta. Wlh na rasa abin yi.

NasMaiJinya:
Allah ya ba Mama lafiya. Gyambon nan shi ne na gaggawa, kwanciya wuri ɗaya ke kawo shi, ana so a riƙa juya ta duk bayan awa 2 kuma kar a bar ta cikin jiƙaƙƙen famfas, ku kai ta asibiti a duba kafin ya ci ciki. Sannan masu ciwon nan mancewa suke da ƙishirwa, in an ajiye kofi an tafi haka za a dawo a tarar da shi, sai an zauna an ba ta a baki kaɗan-kaɗan. In kuka ga rikicewar ta ƙaru farat ɗaya a gwada fitsarinta, sau da yawa ciwon mafitsara ne.

Abu_Sadiq:
'Yar uwa ki yi haƙuri zan faɗi gaskiya, ku nawa ne wajen Mama? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke da ciwon mantuwa a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na awannin jinyar mata ke yin su, yawanci mace ɗaya aka sakar wa, ba barcin dare ba hutu, sauran kuma sai turo kuɗi da waya. Ku raba kwana ko ku ɗauko mai taya ta.

Hajjo:
Gajiya kam akwai, amma kwaɗon nan ban yarda da shi ba sam. In gobara ta tashi fa, ko ta faɗi ba kowa? A kulle ƙofar waje a bar mutum tare da ita, a ɗinka lambar waya a jikin rigarta. Ki kira Yayarki yau, ki fara da sannu da ƙoƙari kafin ki kawo maganar kwaɗon.