Kosa, manuni ko kibiya? Mu tsayar da magana ɗaya

Jama'a, ɗan mitsitsin abin nan da ke yawo a allon kwamfuta idan an motsa linzami, me za mu kira shi da Hausa? Linzami dai ya zauna, ko da yake 'yan kasuwar kwamfuta ta Computer Village a Ikeja sun nace wa maus. Abin da linzamin ke ja ne har yau ba shi da tsayayyen suna.

Ina rubuta 'yar takarda ce ga dattawan da muke koya wa kwamfuta a Agege, kuma kukansu ɗaya ne: "Ya ɓace mini." Ido ya fara rauni, abin fari, shafin ma fari. Sai ka ga Alhaji yana ta murza linzami a kan tebur, hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

Maganin ba wuya. A Windows 11, ka shiga Settings, ka nemi Accessibility, can akwai wurin ƙara masa girma daga 1 har 15, da wurin sauya launi. Ni na fi son mai juyawa, wanda ke zama baƙi a kan fari, fari a kan baƙi. Akwai kuma tsohon saiti a cikin Control Panel, ɓangaren linzami: in ka kunna shi, da ka taɓa maɓallin Ctrl sai da'ira ta zagaye abin ta nuna maka inda ya maƙale. Masu Mac, kwamfutar kamfanin Apple, kuwa, tun 2015 girgiza linzamin kawai suke yi ya kumbura na ɗan lokaci. Duk wannan na iya rubutawa. Sunan ne ya tsayar da ni.

Na riga na yi muku wannan tambayar ta suna, na kuma ga amsoshinku, na gode. Masu cewa a bar shi kosa kawai, wato cursor na Turanci, ku yi haƙuri. Na faɗa wa wani dattijo haka, ya ce shi ma ya ƙosa da nemansa. Aro ba laifi ba ne, ai kwamfuta ma aro ce, amma kalmar da ba ta nuna wa mai koyo komai ba ta rage mini aiki ba.

Wani malami ya kawo manuni, da hujja mai ƙarfi. Ya ce abin ba kullum yake da siffa ɗaya ba: kan mahaɗi, wato link da ake dannawa a je wani shafi, ya koma hannu, cikin rubutu ya koma siririn tsaye, in na'ura na aiki ya zama zobe mai juyawa. Manuni ya haɗe su duka. Gaskiya ne, Malam, Allah ya ƙara sani. Sai dai manuni ya yi faɗi, hannun agogo ma nuni yake yi. In na kira Baba a waya na ce ya duba manuni, sai ya tambaye ni wanne. In na ce, "Baba, ina kibiyar?" nan take idonsa ya san abin da yake nema.

Su kansu waɗanda suka ƙirƙiro abin, da ido suka raɗa masa suna. Douglas Engelbart, wanda ya nuna wa duniya linzami a San Francisco a 1968, shi da mutanensa ƙwaro suke kiran wannan alamar.

Don haka na tsaya a kan kibiya, in ana son cikawa a ce kibiyar linzami. In ta koma hannu, sai mu ce kibiya ta zama hannu, ba wanda zai ruɗe.

Wancan mai ƙyaftawa a inda ake rubutu daban ne, kada a haɗa su. Wata baiwar Allah ta ce a kira shi ɗan sanda tunda ƙaramar sanda ce. A Legas? A'a, Hajiya. Tsinken rubutu na sa a takardar, sai in wani ya kawo wanda ya fi shi kafin in kai ta wurin bugawa ranar Asabar.