Muhawara: kofin futsal na Sifaniya na 2020, Inter ta ci ko sata aka yi?

Ɗan Gwammaja:
Jama'a, abin nan har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kakar 2019/2020 ta gasar futsal ta Sifaniya, wato ƙwallon cikin ɗaki ta mutum biyar-biyar. Korona ta tsayar da gasar a watan Maris, aka kwashi ƙungiyoyi takwas aka kai Malaga a watan Yuni, ba 'yan kallo, wasa ɗaya kwaf ɗaya. A wasan ƙarshe Movistar Inter da Valdepeñas suka tashi 3-3, ba ƙarin lokaci, ba fenariti, aka ɗauki kofi aka miƙa wa Inter wai don ita ce a saman teburi. Ƙaramin gari ya kai wasan ƙarshe na wannan gasar karo na farko a tarihinsa, ba a ci shi ba, kuma ya koma gida hannu rabbana. Ni a wurina sata ce. Abin da nake so mu tattauna shi ne, ya dace a kammala kaka a haka?

Baban Ummi:
Ɗan Gwammaja, ka ji tsoron Allah. Sata fa ka ce? Ɓarawo shi ne wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba a ɓoye. Wannan doka tun kafin a taɓa ƙwallo aka sanar da ita, Valdepeñas ta sani, ta yarda, ta shigo fili. Ina satar?

Ɗan Gwammaja:
Baba, ai ba ita ce tambayata ba.

Baban Ummi:
Ita ce. Ka janye kalmar tukuna.

Na Damagaram:
Ni ina bayan Ɗan Gwammaja. Akwai satar dare, akwai ta rana tsaka. Idan mai ƙarfi ya zauna ya tsara dokar da za ta amfane shi, sunanta sata ko da an buga mata hatimi.

Malam Mai Lissafi:
Inter ce ta tsara dokar? Hukumar ƙwallon ƙasar ce ta tsara. Kawo hujja, Na Damagaram.

Na Damagaram:
Hujjar me, Malam? Kowa ya san yadda ake yi wa ƙungiyoyin Madrid.

Yarima Madridista:
Yauwa, an zo wurin. Dama na san ba Valdepeñas ce damuwarku ba. Ku 'yan Barça ne, kuna jin haushi ne don ƙungiyarku da ta ci kofin 2019 ko wasan ƙarshe ba ta kai ba a Malaga. Da Barça aka ba wa kofin da canjaras, da yanzu kuna ta guɗa.

Aunty Barça:
Kai yaro, gyara kalamanka. Real Madrid ɗinku ko ƙungiyar futsal ba ta da ita. Inter a Torrejón de Ardoz take, ba ta haɗa komai da ku ba, ɗan jarida José María García ne ya kafa ta a 1977. Kun raɓu da ita ne kawai don kun ji an ce kusa da Madrid. Mu kuwa a watan Oktoban 2020 muka doke ElPozo Murcia 2-1 muka ɗauki kofin zakarun Turai, sannan muka jera kofin gida na 2021, 2022 da 2023.

Yarima Madridista:
Aunty, da girmanki. Inter ta jera biyar daga 2014 zuwa 2018. Uku da biyar wanne ya fi?

Aunty Barça:
Kuma Ricardinho, ɗan wasan Potugal, ne ya ci muku su. Yana tafiya Faransa me kuka ƙara?

Malam Mai Lissafi:
Ku tsaya, bari in faɗi abin da nake ganin ba a lura da shi ba. A futsal canjaras ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda yake karewa. Filin mita 40 ne da 20, rabin lokaci minti 20 ne, kuma agogo tsayawa yake duk sanda ƙwallo ta fita, babu zancen kwanciya a ƙasa don cinye lokaci. Ƙungiyar da take neman ci sai ta cire gola ta sa ɗan wasan gaba da rigar gola, su zama biyar a kan huɗu, su yi ta zagaye da ƙwallo a bakin ragarka. Idan kuma laifukanka sun wuce biyar a rabi ɗaya, duk wanda ka ƙara bugu ne daga mita goma ba katanga. Wanda ya sha wannan matsin bai faɗi ba, ba za ka ce masa ɓarawo ba. Sannan watannin da Inter ta yi tana tara maki kafin korona, a zubar da su kenan?

Na Damagaram:
Malam, ka yi ta karatu amma ba ka ce komai ba. Valdepeñas ma ai ba ta faɗi ba.

Ɗan Gwammaja:
Na kalli wasan nan a waya. Kujeru wayam, ba ka jin komai sai ƙarar takalma a daɓe da ihun masu horarwa. Da aka busa tashi, allo yana nuna 3-3, ɓangare ɗaya na tsalle, ɗayan sun dafe kai. A da wasan ƙarshe sai ka ci uku cikin biyar. Ko fenariti ma da an ba su mana.

Baban Ummi:
To ka ce rashin adalci, ko ka ce tsarin bai yi ba. Amma sata zargi ne, kuma za a tambaye ka.

Na Damagaram:
Baba, rashin adalci da sata ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Baban Ummi:
Ba ɗaya ba ne. Ka tambayi malamai.

Ƙaramin Alhaji:
Ni dai Ricardinho ko Falcão na Brazil? Ku ba ni amsa.

Yarima Madridista:
Ricardinho mana. Gwarzon duniya sau shida, kofin Turai da Potugal a 2018, kofin duniya a 2021. Wa ya kai shi?

Aunty Barça:
Falcão ya ɗauki kofin duniya sau biyu, 2008 da 2012. Je ka kwanta.

Ƙaramin Alhaji:
Aunty ta gama magana.

Admin:
Salamu alaikum. Zan rufe wannan zaren saboda an fara zafi. Ga abin da aka cimma. Mafi yawan masu magana sun nuna Inter ta cancanci kofinta na 14, domin ita ce kan gaba kafin korona kuma dokar a fili take. Baban Ummi da Malam sun kawo hujjoji masu ƙarfi, Yarima ma ya yi bayani. Waɗanda suka ce sata ba su kawo komai ba sai son zuciya, kuma an ga cewa 'yan Barça ne suka hura wutar. Ɗan Gwammaja ya goge kalmar sata kafin dare.

Ɗan Gwammaja:
Admin, mutum uku ne mafi yawa? Ni ba ɗan Barça ba ne, kuma ba wanda ya amsa tambayata. Ba zan goge ba.

Aunty Barça:
Admin, cire hoton Bernabéu daga kan lambarka sannan ka yi mana alƙalanci.