Gwajin Ernst Fehr kan asusun haɗin gwiwa: yaya ake shirya shi?

Ɗalibar_Tattali: Salamu alaikum malamai. Ina so in maimaita gwajin da Farfesa Ernst Fehr na Jami'ar Zurik da ke Suwizalan ya yi da Simon Gächter a 2002, na hukunta mai cin gumin jama'a. Yaya tsarinsa yake, kuma ina ake tuntuɓe?

Dakta Bala: Wa alaikumus salam. Mutum huɗu a rukuni, kowa da maki 20. Kowa ya zuba abin da ya ga dama a asusu, duk maki ɗaya da ya shiga yana jawo wa kowannensu 0.4. In duka suka zuba 20, kowa ya tashi da 32. Wanda ya ƙi zuba ko ɗaya alhali sauran sun zuba duka, shi 44 gare shi, su 24. Daga nan a nuna wa kowa abin da 'yan rukuninsa suka zuba, a ba shi damar hukunci: ya kashe maki 1, a zaftare wa wancan 3. Zagaye shida da hukunci, shida babu. Sun tarar in babu hukunci zubi sai raguwa yake, in akwai sai ya hau.

Malama Hauwa: Ƙanwata, ki kula da sauya rukuni. A gwajin nasu ba wanda ya haɗu da wani sau biyu. In kika bar mutane tare, ba za ki san ko mai hukuncin haushi ne ya sa shi ko ribar zagayen gaba yake hange ba, kuma a nan duk hujjar Fehr take, wato cewa mutane kan yi hukunci ko da ba su da ribar da za su ci. Sannan ki biya kuɗi na gaske a ambulan, kowa shi kaɗai. Kar ki sa kalmar "hukunci" a takardar bayani, ki ce "rage maki", don kalmar kaɗai tana sauya hali. Ki yi musu tambayoyin lissafi kafin a fara. Da yawa 0.4 ɗin ke rikita su.

Abu Sadik: Kar ki ɗauka dole sakamakonki ya zo kamar na Suwizalan. A 2008 Herrmann, Thöni da Gächter sun gwada a birane 16. A wurare irin su Maskat da Riyad, masu ƙaramin zubi sun riƙa hukunta waɗanda suka fi su zubawa, haɗin kan bai ɗaga sosai ba. Don haka ki rubuta wa ya hukunta wa, ba jimilla kawai ba. In akwai kwamfuta, oTree, manhajar gudanar da irin wannan gwaji, kyauta ne.